Gonar da Ba a Auna Ba

Da azahar malamin gona ya shigo caji ofis yana haki: an sace babban sikelin ofishinsu. Da shi yake auna amfanin kowace gona, ya kwatanta da iri da takin da ta ci, a ga wa ya yi gaba, wa ya yi baya. A taron manoma za a karanta sakamakon.

Da suka isa ofishin gona, Sufeto ya duba kwaɗon siton da ake ajiye sikelin. Ba a ɓalle shi ba.

"Wa ke riƙe makulli?"

"Ni kaɗai, yallaɓai. In na je cin abinci, a ƙusa nake rataye shi a gida."

Maigadi ya rantse bai ga kowa ba. Sufeto ya nuna masa sawun tayar baro, daga bakin sito har ƙofar waje.

"Sikelin ne ya tuƙa kansa?"

Maigadi ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, akwai mutumin da ba a tambayarsa ina za shi."

Sufeto ya juya ga malamin. "Gonar wa ta rage ba ka auna ba?"

Malamin ya ce, "Ta Babana."

Sun tarar da tsohon a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce tun safe bai fita ba. Sufeto ya taɓa tayar baron da ke jingine da bango, laka ba ta bushe ba. A ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhunan wofi, ga sikeli. Masarar da ke gefe ko rabin ɗakin ba ta kai ba.

"Baba, me ya sa?" in ji malamin.

"Shawararka ban bi ko ɗaya ba, ina ganin ni na haife ka. Ga abin da na girbe. Kai za ka tsaya gaban jama'a ka karanta ni na ƙarshe. Su ce wanda uban da ya haife shi bai saurare shi ba, mu don me? Aikinka na ji wa tsoro, sai na ƙara ɓata shi."

Malamin ya ce ya janye ƙara. Sufeto ya ce kayan hukuma ne, sai an je ofis.

Bai ciro ankwa ba. Tsohon ya gyara hula, ya nufi mota, bai yarda sun haɗa ido da maƙwabta ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo ga ɗansa.

"Ka auna masarar kafin in dawo. Kada ka ƙara ko tiya ɗaya."