Fis Yana Aljihuna

Wata mata, Bi Mwanaidi, ta kira ni gidanta a Tanga in ƙara mata soket saboda sabon firji. Gidan tsoho ne, wayoyinsa ja da baƙi, robarsu har marmashewa take. Na zare fis na jefa aljihu, don kada wani ya mayar da wuta hannuna yana kan waya. Da magariba ta tafi maƙwabta, ta bar ni ni kaɗai.

Sai na ji ƙaurin roba. Ga wani tsoho tsugune a gefena, ban ji shigowarsa ba.

Ya ce, "Ku yaran yanzu sai gaggawa. Kada ka ja wuta daga wannan layin, shi ma ƙari ne. Gida za ka ƙone mata."

"Baba, kai ka yi aikin wutar gidan nan?"

"Ni na fara. Ban gama ba."

Na ce masa duhu ya yi, ba na gani. Ya miƙa yatsu biyu ya kama tsirarar jar waya. Ƙwan ɗakin ya kawo haske.

Na shafa aljihuna. Fis yana nan.