Ƙarar Mai Tsamiya

Ku matso kusa. Ni da ake aiko wa mota daga birni don a ji bakina, yau ga ni a tabarmarku ko shayi babu. Ba komai, Allah na gani. Ladiyo, rage fitilar nan.

A shekarun da sojojin ƙetaren kogi suka mamaye Tsaunin Maƙera, akwai wani tela, Tanimu. Da rana ɗinki. Da dare kuwa, a wani rusasshen rumbu bayan gari, shi ke juya ɗan injin da ke buga *Kunnen Bango*, jaridar da ke tona asirin 'yan mamaya. A cikinta ake ƙunshe ƙosai, a ci, a karanta, a ƙone.

Sai kwamanda ya yi shela: gobe da safe kowa ya zo shingen sojoji ya buɗe tafin hannu. Wanda aka ga tawada a nasa, harbi. Haka suka yi wa Ilu, ƙanen Tanimu, a kan takarda guda da suka samu a hularsa.

Tanimu ya dirje hannu da toka. Ya sa kananzir. Ya sa lemun tsami har fata ta ɗaye. Tawadar inji ta ce ina nan.

Ya kamo hanyar gida ta tsohuwar marina, shi kaɗai. An yi yayyafi. Ko kwaɗo bai yi kuka ba. A kan kututturen tsamiyar da sojoji suka sare suka yi shinge da ita, ga wani tsoho zaune. Ƙasa jiƙe, amma babu sawu ko ɗaya da ya kai wurinsa.

Tanimu ya yi sallama. Bakin tsohon ya motsa a gabansa, amsar ta fito ta bayan ƙeyarsa. Ya saci kallon ƙasa. Ƙafar tsohon kofato ce, irin na jaki.

"Kai ne mai jarida," in ji tsohon. "Kun buga ƙona kasuwa. Kun buga kwashe hatsi. Gidana fa?"

Ya ce tun kafin a kafa garin yake cikin tsamiyar nan. Rana tsaka aka sa mata gatari, iyalinsa suka watse, yanzu a kangon masai yake kwana. Kullum yana tsintar takardar ƙosai yana dubawa, ko layi ɗaya babu.

Tsoro ya kamata ya kama Tanimu. Haushi ne ya riga shi.

"Baba, kana nan aka ɗaure Ilu a durom aka harbe shi. Da ƙarfinka da komai, kana kallo. Yau itace kake wa kuka?"

Iska ta tsaya cik. Tsohon ya ce su aljanu ba sa shiga shari'ar da ba a sa ƙararsu a ciki ba. Tanimu ya miƙa masa hannuwa, ya ce ai sai ya nemi wani mai bugawa, don waɗannan gobe suna kabari.

"Shafin farko?" in ji tsohon.

"Shafin farko."

Tsohon ya kama hannuwan. Sanyi kamar gindin randa. Ya murza, ya saki, sai kututture kawai. Tanimu ya duba: tawada na nan, har ta fi da baƙi. Ya zagi aljanin, zagin da ba zan maimaita a gaban yara ba.

Da safe ya shiga layi yana kalmar shahada. Na gaba ya buɗe hannu: baƙi ƙirin. Na biye, baƙi. Liman, mai ƙosai, makaho, jariri a goye, duk baƙi. Kwamanda ya ɗaga hannu zai ba da umarni, sai sojojinsa suka zuba wa tafinsa ido. Baƙi ƙirin. Ya dubi nasu, su ma baƙi. Ya tura hannu aljihu, ya ce kowa ya watse.

Fitowa ta gaba, saren tsamiya ne a shafin farko, labarin Ilu a ƙarƙashinsa. Wannan jerin, itace sama da ƙanensa, Tanimu bai yafe shi ba har ya mutu.

Jaririn nan na goye kuwa, ni ne. Ku dubi tafina. Sagir, wa ya ce baƙin tukunya ne? Mara kunya.

'Yan mamaya sun tafi, amma ba wanda ya sake dasa tsamiyar, tsohon kuma bai janye ƙararsa ba. Kada ɗayanku ya bi ta marina shi kaɗai. Zai tambaye ka wa ke buga jarida yanzu, kuma ba ya karɓar "ban sani ba."