Ɗalibin Da Ke Kabari

Ranar Litinin da hantsi wata mata mai sana'ar ɗinki ta shigo caji ofis, 'yarta na biye da ita. Ta ajiye wata wasiƙa a teburin Sufeto da yatsu biyu, kamar mai ajiye garwashi.

Sufeto mutum ne mai sanyin baki, ba ya son hayaniya, balle kuka. Ya buɗe ya karanta. Ofishin tallafin ɗalibai na kwaleji ne ke taya ɗanta murnar cin jarrabawar shekara ta biyu, an kuma sabunta masa tallafi.

"To Mama, ai wannan abin farin ciki ne."

"Ranka ya daɗe, shekararsa biyu a kabari."

Sufeto ya gyara zama.

Yarinyar ce ta ƙarasa bayani. Ita ma ta samu gurbi a kwalejin, ta nemi tallafi, aka ce dokar ofis ɗa ɗaya ake ba tallafi a kowane gida, kuma yayanta na karɓa. Ranar Juma'a za a rufe rajista, in ba tallafi ta rasa gurbin.

"Kun sanar da su rasuwar?"

"Ni da ƙafata na kai takardar asibiti," in ji uwar. "Ta taga na miƙa, labule ya rufe ciki. Hannu kawai na gani."

Sufeto ya ce su koma gida, kada su sake su gaya wa kowa sun zo.

Ɗakin kwanan ɗalibai ya fara zuwa. A ɗaki na goma sha huɗu gadaje huɗu ne, uku a hargitse, ɗaya a gyare tsaf, ƙura ta kwanta a kan zanen. Sunan mamacin na manne a jikin ƙarfen.

"Ina mai gadon nan?"

"Wallahi Yallaɓai ba mu taɓa ganinsa ba," in ji wani ɗalibi. "Amma duk zango sai mu tarar an sake liƙa sunan. Ko jaka ba ma ɗorawa a kai, tsoro muke ji."

Daga nan ya nufi ofishin tallafi, wani dogon ɗaki mai warin tsohuwar takarda. Bai ambaci mutuwa ba. Cewa ya yi an sace waya, yana neman yaron ya ba da shaida.

Shugabar ofis ta zaro fayil. Fom huɗu ne a ciki, kowanne da sa hannun ɗalibin, na ƙarshen ko wata bai cika ba.

"Kin san shi?"

"Sarai kuwa. Ina ganinsa."

"Fari ne ko baƙi?"

Ta kama gyaran tabarau. Can ta ce gaskiya ita abin da aka kawo mata take buga wa hatimi, mutum uku ne ke zaman taga. Wasiƙun kuma sabuwar kwamfuta ce ta fara tura su gidajen iyaye bana, ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Biyu daga cikin ukun sababbin ɗauka ne. Na ukun wani dattijon magatakarda ne mai carbi a hannu, irin mutanen da za ka ba ajiyar mukullin gidanka. Ya tarbi Sufeto da fara'a, har da share masa kujera.

"Baba, yaron nan yana zuwa?"

"Duk zango. A gabana yake sa hannu."

"Yaya halinsa?"

"Kai, yaro mai ladabi! Ba ya gaishe ka sai ya rusuna, Allah ya jiƙ..."

Carbin ya tsaya. Bakin da ya saba yi wa mamaci addu'a ya riga dabara fita.

"Ƙarasa mana, Baba. Wa ya ce maka ya mutu?"

Dattijon ya dubi tagar. Sannan ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya fito da takardun asibiti guda bakwai, an ɗaure su da zare.

"Ni na karɓa, ni na ɓoye. Ni nake cike musu fom, in rubuta sakamako, in karɓi tallafin." Muryarsa ta koma raɗa. "Ban taɓa kayar da ko ɗaya a jarrabawa ba. Amma ranar biya, in na ɗaga labule, sai in ga kamar su bakwai ɗin na tsaye a ƙarshen layi. Ba sa cewa komai."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa dattijon ankwa, aka fita da shi ta gaban tagar, kansa a sunkuye, ya ƙi waiwayar layin.

Ranar Alhamis aka kira uwar da 'yarta. Shugabar ofis ta ce kafin a shigar da sunan yarinyar, sai uwa ta sa hannu cewa ɗanta ya rasu. Tausayi ya kama Sufeto, ya kawar da kai.

Matar ta riƙe biro. Ta dubi 'yarta, ta ce, "Yau ma sai na sake binne shi."

Ta sa hannu, ta tura wa yarinyar fom ɗin.