Gonar Ɓatacce

Rasuwar Na'Allah ta girgiza danginsa kaf a Sabon Birni. Abu ɗaya kawai ya rage: Na'Allah bai rasu ba tukuna.

Shekara huɗu ke nan da ya kora jakinsa zuwa Maraɗi, Faransawa suka kama shi lebura, aikin hanya. Matarsa Jamilatu tana tankaɗe a tsakar gida sai ga wansa Sodangi, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Jamilatu, kalma guda za ki hwaɗi gaban alƙali — ɓatacce! Shi raba auren, ki huta, mu huta."

"Yaya, ni ban ce na gaji ba."

Ta gaji kuwa. Zanenta ya koɗe, uwarta kullum cikin kuka: "Ɗiyata, sa'o'inki duk sun goya na ukku!" Shi kuma Sodangi tausayi ya hana shi sukuni, har ya rungumi gonar ƙanensa, duk rani yana saukar da Fulani da shanunsu a cikinta don taki, wai kada ta yi maraici.

Da dangi suka taru mata a ka, ta bi su kotu tana share hawaye.

Alƙali ya ce, "Ɓatacce ga shari'a shi ne wanda labarinai ya yanke ƙaf, ba a san rai ko mutuwa ba. Ke, labari ya yanke?"

Ta kwance bakin zane, ta ajiye ɗan ƙullin kanwa.

"Allah gafarta malam, duk kaka fatake na kawo man wanga. Babu wasiƙa, babu suna. Amma maigidana bahago ne, kuma ban taɓa ganin mai ɗaurin igiya haka ba sai shi."

"Kanwa ce fa!" in ji Sodangi. "Kanwa na ba da shaida?"

Alƙali ya ce, "Yau dai ta ba da. Ko da ya ɓace ɗin, shekara huɗu za ta jira daga ranar da tak kawo ƙara da bakinta, ba ta kuwa kawo ba. Gona kuma ba a rabonta sai ya cika saba'in."

"Shekarunai talatin ne," in ji Sodangi, murya ƙasa-ƙasa.

"To, ka samu abin jira."

Damina ta biyar, Sodangi ya gama shuka a gonar ƙanensa ke nan, Na'Allah ya yi sallama: a rame, ba jaki, ba hula. Jamilatu ba ta yi guɗa ba, ƙarfin ya ƙare. Ta miƙa masa ruwa.

"Ka daɗe."

"Hanyar ce ba ta ƙarewa, Jamila. Kanwa ta iso?"

Nan ta fashe da kuka.

Haka haƙuri yake: ba ya sauri, ba ya ado, amma yakan iso. Wanda kuma ya ƙagara ya binne ɗan'uwansa, ya dace ya fara tambaya ko ya mutu.

Geron shekarar ya cika wa Jamilatu rumbu biyu. Takin Sodangi ne.