Ƙugiyar da Ke Saman Gadon Nevena

Da hantsi ranar Asabar Nevena tana kakkaɓe ɓurɓushin filastar silin daga kan zanin gado, aikinta na kowace safiya, sai motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Mijinta Kalin ya sauke fararen allunan silin, kowanne ya fi ƙofa faɗi, ya jingine su a baranda. Uwarsa Donka ta fito daga kicin, hannunta duk garin fulawa.

"Waɗannan kuma na mene ne?"

"Silin ɗakinmu zan rufe, Mama. Ya tsattsage, kullum yana zubo mana a fuska. Ba sai an fasa tsohon ba, a kansa zan ɗaure sabon."

"Ƙugiyar fa?"

Kalin ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa.

Duk tsohon gida a ƙauyenmu yana da irin wannan ƙugiya ta ƙarfe, a jikin babban katakon da ya ratsa saman ɗaki, inda ake rataye gadon jariri ana yi masa lilo da igiya. Kakan Kalin ne ya kafa tasu. A jikinta aka yi renon uban Kalin, aka yi na Kalin, aka yi na ƙanensa Asen. Ta leƙo ƙasa da silin kusan tsawon tafin hannu, don haka allo ba zai kwanta ba sai an yanke ta. Shekara tara Nevena tana kwana a ƙarƙashinta, ita ce abin da take fara gani idan ta buɗe ido, kuma ba a taɓa rataye komai a kai ba.

"Wato kun fid da rai ke nan," in ji Donka, tana kallon surukarta da ta fito bakin ƙofa. "Ko ke ce kika gaji da ganin abin da ke tuna miki aikin da kika kasa? Na kai ki coci kin kunna kyandir, na dafa miki ganyaye har tukunyata ta yi baƙi. Itacen da ba ya 'ya'ya ma ana haƙuri da shi, amma bai taɓa cewa a rufe masa sama ba."

"Ni ban ce komai ba, Mama."

"Ai dama ba ki cewa komai. Shi ya sa ɗana ya lalace."

Abin da Donka ba ta sani ba, tun shekarun baya likita a birni ya gwada su duka biyu, ya ce Nevena lafiyarta ƙalau, matsalar tana wajen Kalin. A motar dawowa ya yi kuka kamar yaro, ya ce ba zai iya kallon idon uwarsa da mazan ƙauye ba. Nevena ta riƙe hannunsa ta ce ya bar mata, za ta ɗauka. Ta kuwa ɗauka: gorin suruka, raɗar mata a shago, da tausayin maƙwabta wanda ya fi zagi ciwo. Ina son Kalin, yaron kirki ne, amma gaskiya abin da ya yi ragwanci ne. Ya ɓuya a bayan mace, yana tsammani allon silin zai biya ta.

Ya kira Asen a waya ya zo ya taya shi, domin wannan aiki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Dole wani ya tallafe allon a sama yayin da ɗayan yake ɗaure shi.

"Yaya, ka yi haƙuri, Mama ta riga ka kirana," in ji Asen. "Ta ce duk wanda ya taɓa ƙugiyar nan kada ya zo jana'izarta. Ni kam ba ruwana."

Da Kalin ya shiga ɗaki sai ya ga akwati a buɗe a bayan ƙofa, rabinsa cike da kaya.

"Nevena, mene ne wannan?"

"Zan riƙe maka allon, tunda ba mai riƙewa. Idan mun gama, gobe zan bi bas zuwa wajen yayata." Ta dube shi. "Ba don na daina sonka ba ne. Ka rufe ƙugiya, za ta ce ni na sa ka. Ka bar ta, za ta ce ni na hana ta amfani. Na gaji, Kalin, har cikin ƙashina."

Sai ya kama aiki. Ya bi silin yana ƙwanƙwasawa da guduma don ya gano inda katakai suke, yana yin alama da fensir a bango, saboda kusar da ta shiga ruɓaɓɓen filasta kaɗai ba ta riƙe komai. Suka cicciɓi allon farko daga kusurwa. Nevena ta hau kan tebur, ta tokare shi da kanta da tafukan hannunta biyu, shi kuma yana kan tsani da injin ɗaure kusa. Suka yi na biyu, suka yi na uku. Ƙura ta yi musu fari fat, gumi yana bi ta wuyanta.

Suna tsakiyar ɗaure allon da ke dab da ƙugiyar sai Donka ta turo ƙofa. Ta ga akwatin, ta taɓe baki.

"Gara haka. Je ki, 'yar nan, Allah ya ba ki sa'a. Shi ma ya samu wadda za ta cika masa ɗaki tun ina da rai."

Kalin ya dubi matarsa. Wuyanta ya lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin allon, hawaye ya yi layi biyu a cikin ƙurar fuskarta, kuma ko sharewa ba ta da hannun yi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Mama, ko mata goma kika kawo, ba abin da za a rataya a nan. Ni ne ba na haihuwa."

"Kalin, bari," in ji Nevena a hankali.

"Ba zan bari ba. Likita ya faɗa mana tuntuni. Ita lafiyarta ƙalau. Da ta tafi tun lokacin, da yanzu 'ya'yanta suna makaranta. Ta zauna saboda ni, ta rufa mini asiri, ni kuma ina zaune ina cin abinci kina yanka ta da baki."

Donka ta dafa bango. Daga nan ta juya ta fita, suka ji takunta ya nufi bayan gida. Kalin ya ci gaba da ɗaure kusoshi, idonsa ba ya gani sosai.

Sai ga ta ta dawo da zarton yankan ƙarfe na marigayi mijinta a hannu ɗaya, da doguwar tsintsiya mai sanda a ɗayan. Ta miƙa wa ɗanta zarton ba tare da ta kalle shi ba. Ta ɗaga tsintsiyar ta tokare allon da ita.

"Sauko, Nevena. Sauko ki zauna, wuyanki zai karye. Ni zan riƙe."

Kalin ya yanke ƙugiyar. Ta faɗo kan dabe, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Jariri bai zo ba, ba kuma zai zo ba. Donka ta yi sanyin shekarar nan duka ba ta yi wa ɗanta doguwar magana ba, ta rame, ta daina zuwa bikin sunan jikokin mutane. Amma ranar da wata mata a shago ta yi wa Nevena habaici, tsohuwar ta wanke ta tas a gaban kowa, ta kama hannun surukarta suka fita. Nevena ba ta hau bas ba.

Haƙurin mace abu ne mai daraja, kuma nata ya samu sakamako. Sai dai ku samari ku ji ni da kyau: idan wadda take sonku ta ɗauki nauyin da naku ne, kada ku jira sai kun ga wuyanta ya lanƙwashe. Shekarun da Nevena ta yi tana kuka a wannan ɗaki, babu wanda ya iya mayar mata da su.