Randar da Tabawa Ta Gina Daga Ciki

Yaya Kande, ɗiyar baffanmu, ita ta ba mu labarin nan muna yara, bayan sallar isha'i, a kan tabarma gindin rumbu. Na rubuta shi yadda na riƙe. Allah ne masanin gaibu.

"Ku matso," in ji ta. Ta dubi ƙanwata. "Ke Ladingo, rufe bakin nan kada sauro ya tare a ciki."

Muka matso.

Ta ce an yi wata maginiyar tukwane a ƙauyen kakanninmu, sunanta Tabawa. Ruwan randarta ko da bazara sanyi ƙalau. Aibinta ɗaya, ba ta iya ganin bakin tukunya a karkace ta wuce. Ko ta wani ce a kasuwa, sai hannunta ya hau ƙaiƙayi.

Maginan garin suna da ƙa'ida. Babbar randa daga ciki ake fara ta. Maginiya ta tsaya a tsakiya, ana miƙo mata curin yumɓu, tana ɗorawa tana zagayawa. Amma dole a sami na gida a waje. Da gini ya kai ƙugu sai ya ce, "Fito haka nan," ya ciro ta, a ƙarasa daga waje. Ba a shiga randa babu mai cewa fito.

Ran nan Tabawa ta shayar da jaririnta, ta miƙa wa surukarta shi, ta ce bari ta ɗebo yumɓu a kwazazzabo, yanzu za ta dawo. Rana tsaka ce. Ko tsuntsu ba ya kuka.

A bakin ramin ta tarar da wata doguwar mace a tsaye, lulluɓe da farin zane. Tabawa ta yi sallama.

"Yawwa," in ji matar. Shi ke nan amsar.

Muryar kamar ta wanda ya cusa kai cikin tulu yana magana.

"Ke ce mai hannun nan? Zo ki ga ƙasa."

Ta ja ta gaba kaɗan, inda Tabawa ba ta taɓa zuwa ba. Ga yumɓu an riga an jiƙa, lukui, ko tsakuwa ɗaya babu. Tabawa ta mutsuka shi da yatsa, zuciyarta ta tafi.

"Ki gina mini randa babba, ramin ya zama naki."

"Sai dai gobe, Inna. Ban zo da kowa ba."

"Ni ba kowa ba ce?"

Suka hau cuɗa ƙasar da ƙafa. Tabawa ta duba. Ga sawunta nan rututu. Inda matar ta taka kuwa sumul, kamar an shafe da tsumma.

"To me ya hana ta gudu?" in ji Ladingo.

"Ke da kika ga ƙadangare jiya kika kasa ɗaga ƙafa? Yi mana shiru."

Tabawa ta gani, ta ce wa ranta ƙila ƙasar ce mai laushi. Ta kafa gindi, ta shiga. Matar na miƙo curi, tana ɗorawa. Gini ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Tabawa ta tsaya, kunnenta na jiran kalmar da ta saba ji.

"Nan gefen ya karkace," in ji matar.

Ta duba. Ya karkace kuwa. Ta ɗora, ta daidaita.

"Ga can ma."

Ta juya, ta ɗora. Ƙirji. Hammata. Duk inda ta gyara, bayanta ya sauka. Cewa take, wannan kawai, sai in fita. Ba ta farga ba sai da ta ga hannuwanta a sama da kanta, kafaɗar randa ta rufo ciki. Sama ta koma kamar faifai.

"Inna, ciro ni."

"Bakin bai yi ba."

Wasu dogayen yatsu suka zagayo bakin daga waje, suna matse shi. Faifai ya koma bakin tulu. Aka kifa kasko a kai. Duhu.

Ta doki bango. Yumɓun da ta ɗora yanzun nan ya bushe ƙam, kamar ya kwana bakwai a rana. Ba wurin zama, ba wurin ɗaga gwiwa. Ta buɗe baki za ta yi a'uzu billahi, harshe ya yi nauyi.

Sai ta ji kayau, kayau. Ana jingina kara jikin randar, ta kowane gefe, hannuwa da yawa, babu motsin ƙafa ko ɗaya. Ta san wannan ƙarar. Ita ma haka take jera kara in za ta gasa tukwanenta.

Ladingo ta cusa kai cikin zanena.

Hayaƙi ya fara shigowa ta gefen kaskon. Tabawa ta tuna lokacin shan jaririnta ya yi, yana can yana tsala kuka. Tunawar ke da wuya nono ya kawo, ya zubo, ya jiƙa mata ɗaurin ƙirji sharkaf. Ta manna ƙirjin da bango don ba inda za ta kai shi.

Ta ji wurin ya yi santsi.

Ɗanyar tukunya, komai bushewarta, muddin ba ta ga wuta ba, laima na narka ta. Ta kwance zanen, ta danna shi a wurin, tana matsa nono tana ƙwaƙula da farce. Ambaton Allah da ya ƙi fita a baki, ta yi ta yinsa a zuci. Bayanta ya fara zafi. Yatsa ya ɓulla. Hannu ya ɓulla. Harshenta ya saku, ta ce bismillahi da ƙarfi, ta sa kafaɗa. Gefen ya ɓare, ta faɗo cikin kara mai ci da wuta.

Ba ta waiwaya ba. Ta dai ji muryar a bayanta, ba fushi, ba gaggawa:

"Maginiya, kin bar aiki da ɓaraka."

Ta isa gida gashinta a babbake. Ta karɓi yaron ta sa shi a nono har ya ƙoshi. Daga ranar ba ta sake gina abin da ya wuce tukunyar miya ba, kuma duk bakinsu a karkace. Da gangan take barinsu haka.

"Randar fa?" na tambaya.

"Tana nan a kwazazzabo," in ji Yaya Kande. "Makiyaya na ganinta. Ta gasu jawur, da ɓaraka a gefe daidai shigar mutum. Mai ita na nan tana neman wanda zai toshe mata." Ta rage murya. "Kuma daga ciki ake toshewa."

Ni dai yau 'ya'yana sun san dokata. Ba mai zuwa ɗibar ƙasa shi kaɗai, ko rana na tsakiyar ka. Wanda kuka yi wa sallama bai amsa ta ba, ku ajiye kwando ku juyo gida. Allah ya tsare mu da abin da ido ba ya gani.