Ashanar Saje Hammadu

"Kowa ya kwanta! Fuska a kwalta!"

Tau! Solomon ya saki harsashi ɗaya sama. Direban kantar, motar ɗaukar kaya, ya danna birki, ta tsaya daf da kututturen da aka gicciya a hanya. Rana tsaka ce, a lanƙwasar nan ta gindin dutse tsakanin Mahuta da Zuru. Mutum uku suka ɓullo daga bayan duwatsu, kowa ya naɗe fuska da baƙin ƙyalle.

Ɗan sandan rakiya, Saje Hammadu, gyangyaɗi yake yi da bindiga tsakanin gwiwoyi. Kafin ya gama buɗe ido, Yari, ɗaya daga cikinsu, ya zura hannu ta taga ya zare ta—fit!

"Sauko, yallaɓai. A hankali, ban da jarumta."

"To, ga ni. Ku yi ma Allah, ina da ɗiya ƙanana."

Aka kwantar da shi kusa da direba. Direban ya ɗan ɗaga kai, Solomon ya maka masa gindin bindiga a baki, haƙoran gaba suka zube.

Na ukunsu bai ce uffan ba. Shi ne Ezekiel, ogan tafiyar, tsohon kofur ɗin soja. Da hannu yake ba da umarni kamar bebe. Ya ari riga da wando, ya sake takalmi, ya cika baki da alewar tari don kada ƙirjinsa ya tona masa asiri. Dalili kuwa, mutumin nan da ke kwance a kwalta ya san muryarsa fiye da yadda matarsa Leah ta san ta.

Gwamnati ce ta haɗa su. A shekarun nan ne hukuma ta tashi haiƙan a kan taba. Aka kashe tallarta a rediyo, aka rubuta a jikin kwali cewa mai sha na iya mutuwa da ƙuruciya. Ezekiel ya karanta ya ce sun makara, tasa ƙuruciyar ya baro ta a dajin Laberiya. Sai aka kafa wani Kwamitin Tsabtace Iska a gari, ya hana busa hayaƙi a tasha da kasuwa da ofis da motar haya. Leah ma, da ta ji fasto ya goyi baya, ta kafa nata kwamitin a gida: "Baban Praise, ko taba ko tuwo." Wuri ɗaya tak aka ware wa mashaya, wata rumfar kwano a bayan kwata, inda wari ya riga ya gama da iskar, ba sauran abin tsabtacewa.

A rumfar nan kowa ya zama ɗaya. Malamin makaranta, ɗan acaɓa, ɓarawo da mai kama ɓarawo, duk benci guda. Dokarta ɗaya ce: ba a hana mutum wuta. Nan Ezekiel da Saje suka shaƙu, har kara ɗaya suke rabawa idan wata ya yi nisa. Saje abin tausayi ne, don babbansu lalube aljihun 'yan sanda yake yi a faretin safe, wai su zama abin koyi. Shi ya sa yake ɓoye ashanarsa a cikin safar ƙafar hagu.

Ana haka aka toshe hanyar Mai Kada, tabar da ake shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, mai arha, mai kama maƙogwaro. Ta ɓace ɓat. Wadda ta rage ta masu albashi ce, fanshon Ezekiel kuwa sai an ga dama. Ran nan Saje ya shigo rumfa yana huci.

"Kofur, ka ji zalunci? An kama Mai Kada mota guda, wai a kawo ta nan a ƙone gaban jama'a ranar yaƙi da taba. Kuma ni anka ce in rako ta. Ni, da hannuna."

Ezekiel ya taya shi baƙin ciki da gaske. Amma shi ba baƙon hanya ba ne, tun da ya bar soja yakan tare fataken shanu jefi-jefi. Ya nemo yaransa biyu, Solomon mai zafin hannu da Yari direba.

"Wannan ba sata ba ce, mazaje. Su ƙonawa za su yi, mu ma ƙonawa za mu yi. Su gaba ɗaya, mu kara-kara. Sharaɗi ɗaya: ba mai taɓa ɗan sandan."

To, ga su yau a kan kwalta, komai yana tafiya daidai. Yari ya haye mazaunin direba. Ezekiel ya ɗale baya ya ɗaga tamfol don ya tabbatar da kaya. Katan a kan katan, kowanne da hoton kada. Ƙamshin ya doke shi. Ya farke ɗaya, ya tofar da alewa, ya cusa kara ta ƙarƙashin ƙyalle. Ya shafa aljihu. Kayan aro ne, ba ashana.

Ai mai ƙishirwa ba ya shawara. Ya diro, ya nufi Saje, ya ɗage ƙafar wandonsa ta hagu, ya zaro ashana daga safa. Ƙyas! Ya ja hayaƙi har cikin ransa, ya lumshe ido.

Da ya buɗe su ne ya lura Saje ya daina roƙo. Ya kasa kunne, kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

Solomon ma ya lura. "Oga, ko aljihunsa ba ka taɓa ba. Ya gano ka. A gama da shi kawai."

Ya saita bindiga a ƙeyar Saje. Ezekiel ya buge bakinta gefe—tau!—harsashi ya tashi da tsakuwa. Ya juya tasa ya ɗora a ƙirjin Solomon, ya girgiza kai. Suka tsaya ido cikin ido.

"Shi ke nan, oga. Kai ka sani."

"Ku shigo mu fece!" in ji Yari. Mota ta kauce wa kututture ta yanki daji.

Saje ya ɗora direba a acaɓa, suka isa caji ofis jina-jina. Babbansu ya daki tebur.

"Ka gane wani a cikinsu?"

"Huskokinsu ruhe suke, yallaɓai."

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗi duka ba. In ya ce ya gane mutum ta hanyar ashana, sai a tambaye shi me ashana ke yi a safarsa. A wancan zamani gara a ce an ƙwace maka bindiga da a ce kana shan taba. Motocin sintiri suka bazama da jiniya, aka buga oba-oba a tare hanyar Bena. Shi kuwa Saje ya wanke fuska, ya sa ankwa a aljihu, ya bi ta bayan kwata.

A cikin daji kuwa kantar na ta tsalle a kan burtali. Ezekiel ya zaro kara na biyu. Yari ya nuna masa takardar kwamiti da ke manne a gilashi.

"Oga, doka ta hana a mota."

"Uwar doka."

"Wasa nake yi. Amma ka san ƙirjina, in na shaƙa sai numfashi ya sarƙe, mu faɗa rami. Sauka ka sha a natse, muna jira."

Ya ajiye bindigarsa a kujera ya sauka. Bai gama ƙyasta ashana ba ya ji ƙofa ta rufe—gam!—mota ta tashi. Solomon ya leƙo ta taga.

"Ka riga ka ƙone, oga! Ka gai da Saje!"

Aka bar shi a tsaye da kwali ɗaya da ashanar mutane. Ya zagi Solomon, ya zagi Yari, ya zagi kwamiti, sannan ya sha tabarsa tunda dai an riga an kunna.

Ya shigo gari bayan la'asar, ƙafa duk ƙaya. Hankali ya ce masa ya wuce Nijar ko Kwantagora. Amma ya yi ta lallashin kansa: in ban je rumfa yau ba, na amsa laifi ke nan, in na je wataƙila Saje bai lura ba. Gaskiyar magana ita ce maƙogwaro ne ke jan sa, kuma duk faɗin garin ba inda doka ta bar masa sai nan.

Saje kaɗai ne a benci, da kara a baki ba wuta.

"Kofur, yau ka makara."

"Gona, Saje. Ka san an yi ruwa."

"Hakanan ne. Ba ni wuta."

Ezekiel ya san abin da ake tambayarsa. Yana iya cewa babu. Amma tun da aka kafa rumfar nan ba a taɓa jin wanda ya faɗi haka da ashana a aljihunsa ba, kuma kunyar Saje ta fi tsoron ankwa nauyi a ransa. Ya miƙa.

Saje ya jujjuya kwalin ashanar, gefensa duk ya yi laushi da gumin ƙafa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Da ka laluba aljihuna ko na ƙarya, Kofur, wallahi da na ce ban san kowa ba."

"Na hana a harbe ka."

"Na jiya. Shi ya sa niz zo da ankwa ni ɗai. Amma ka kwantar da ni bisa kwalta, da maganar da nib ba ka nan wurin."

Ya kunna, ya sha rabi, ya miƙa masa ragowar kamar kullum. Sai da Ezekiel ya shanye har ƙarshe sannan ya miƙa hannuwa.

Kantar ba ta kai Bena ba. Solomon ya buɗe wa shinge wuta, aka mayar masa. Yari ya mutu a kan sitiyari, da ƙirjin da yake ta tattali. Solomon ya rasa ƙafa, kuma sunan Ezekiel ne farkon abin da ya fito daga bakinsa. Direban da aka fasa wa baki har yau da dasashi yake dariya. Saje, da labarin safa ya fito, aka cire masa igiya ɗaya saboda bindiga, biyu saboda ashana.

Bikin ƙonawa kuwa bai fasu ba. Aka jibge abin da ya dawo na kayan a fili kusa da caji ofis, shugaban kwamiti ya yi jawabi ya cinna wuta. 'Yan rumfa suka riga kowa zuwa, suka tsaya ta inda iska ke kaɗawa suna jan numfashi, har shugaba ya yaba musu a lasifika, wai ga tubabbu. 'Yan makaranta na jere da alluna suna tari. Ta tagar sel Ezekiel ya hango 'yarsa Praise a cikinsu, ta rufe fuska da allonta don kada a nuna ta. Abin ya soke shi fiye da duk shekarun ɗaurin da lauya ya ce masa ya shirya musu.

Aka taɓa ƙarfen ƙofa. Hammadu ne, hannun riga fayau. Ya waiga hagu da dama, ya zura masa kara ɗaya na Mai Kada.

Ezekiel ya karɓa. "Wuta fa, Saje?"

"Ba ni da ita, Kofur. Ashanar tana wurin mai gabatar da ƙara, shaida ce."

Ya juya ya tafi. Ezekiel ya koma taga da busasshen kara a baki, yana kallon mota guda ta taba tana ci da wuta.